Yadda Ake Tono Tarihin Shafin Sada Zumunta Ba Tare Da Alƙaluma Sun Ruɗe Ka Ba

Wata uku da suka wuce ɗiyar yayata ta kira ni da dare, murya duk a dagule. An ba su aiki a makaranta: kowa ya zaɓi shafin sada zumunta guda, ya rubuta yadda aka kafa shi da yadda ya bunƙasa. Ita Facebook ta ɗauka. Ta yi kwana biyu tana kwafe-kwafe a intanet, ta ƙare da alƙaluma uku da ba su jitu ba, alhali duk a kan shekara ɗaya suke magana. "Kawu," ta ce, "wanne ne gaskiya a ciki?" Na ce ta karanto mini su. Da ta gama na ce mata mai yiwuwa dukkansu gaskiya ne, abin da kowanne ya ƙirga ne daban. Sai ta yi shiru, irin shirun nan da ke gaya maka ba ka tsinana komai ba.

Mako guda muka yi muna waya kowane dare kafin aikin ya kammala. Hanyar da muka bi ita zan shimfiɗa a nan. Da Facebook zan riƙa buga misali, domin shi ne takardunsa suka fi yawa a fili, amma ko wane shafi ka ɗauka, mai rai ko wanda ya riga ya mutu, tambayoyin ba sa canzawa. Kayan aikin ba su da yawa: waya ko kwamfuta mai intanet, littafin rubutu, sai haƙurin duba kwanan wata kafin ka yarda da kowace magana.

Koma ranar farko

Kusan kowa yakan kalli shafin yadda yake a yau, ya ɗauka haka aka haife shi, girma kawai ya ƙara. Da za a nuna maka Facebook na ranar 4 ga Fabrairu, 2004, da ƙyar ka gane shi. Sunansa ma Thefacebook. Mark Zuckerberg, ɗalibi mai shekara 19 a jami'ar Harvard ta Amurka, shi ya buɗe shi daga ɗakin kwanan ɗalibai, tare da abokan karatunsa Eduardo Saverin, Dustin Moskovitz, Chris Hughes da Andrew McCollum. Ba mai shiga sai wanda ke da adireshin imel na Harvard. In ka shiga, hoto ɗaya za ka sa, ka rubuta sunanka na gaskiya da darussan da kake ɗauka, ka nemi abokai. Babu labaran da ke gangarowa a shafin farko, babu bidiyo, babu maɓallin Like. Sunan kansa an aro shi ne daga ɗan littafin da wasu jami'o'in Amurka kan buga da hotunan ɗalibai da sunayensu, don sababbin shiga su san juna.

Gani ya kori ji, kuma ana iya ganin. Akwai wata cibiya a San Francisco, Internet Archive, wadda tun 1996 take ɗaukar hoton shafukan intanet tana adanawa. Rumbun nata shi ake kira Wayback Machine, adireshinsa web.archive.org. Buɗe shi, ka rubuta adireshin shafin da kake bincike a cikin akwatin da ke sama. Layin shekaru zai fito. Latsa shekarar da kake so, kalanda ta bayyana, kwanakin da aka ɗauki hoto suna da ɗigo mai launi. Latsa ɗigon, shafin zai buɗe kamar yadda yake a ranar.

A nan ɗiyar tawa ta fara tuntuɓe. Facebook.com ta rubuta, ta koma 2004, ta ga wani abu da ba shi da alaƙa da Zuckerberg, ta ce rumbun ya lalace. Lafiyarsa lau. A lokacin wani kamfani ne daban ke da wannan adireshi, sai a 2005 aka saye shi a hannunsa kan dala 200,000, aka jefar da "the" ɗin. Tsohon adireshin, thefacebook.com, shi za ka rubuta. Don haka kafin ka je rumbun, bincika ko shafin ya taɓa canza suna. Twitter ma da sunan twttr ya fara a 2006, yanzu kuma X ake ce masa. Ka kuma sani cewa ƙofar gida kawai rumbun ke nuna maka. Abin da ke ciki bayan an sa kalmar sirri ba ya kamawa. Duk da haka ƙofar na da labari. A hotunan watannin farko na 2004 za ka ga jerin jami'o'in da aka buɗe wa shafin yana ƙara tsawo daga wannan hoto zuwa wancan.

Bayan rumbun, nemi abin da aka rubuta a makon da abin ya faru. Jaridar ɗaliban Harvard, wato Harvard Crimson, ta ba da labarin shafin kwana biyar bayan buɗe shi, ta ce ɗalibai sama da 650 sun yi rajista. Irin wannan ɗan rahoto ya fi mini hira goma da aka yi da masu kamfanin bayan sun zama attajirai, domin mutum in ya yi nasara yakan gyara labarin farkonsa ko bai yi niyya ba. Haka fim ɗin nan, The Social Network, da aka yi a kan kafuwar shafin: kalle shi don nishaɗi, kada ka ɗauki kwanan wata ko dalili daga ciki. Rigimar da fim ɗin ya nuna tsakanin Zuckerberg da tagwayen Winklevoss, wasu ɗaliban Harvard, kan wa ya fara kawo shawarar ta faru da gaske, an je kotu, an sasanta a 2008, amma maganganun da aka sa a bakin 'yan wasa aikin marubuci ne.

Ja layi uku a takarda

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma da biro na fi son a yi shi. Layin farko kwanan wata. Na biyu, wace ƙofa aka buɗe, wato su wa aka bari su shiga da a da ba su da hali. Na uku, mutum nawa ke amfani da shafin a ƙarshen shekarar.

Ga yadda na Facebook ya cika. A watan Maris 2004 aka buɗe wa Stanford, Columbia da Yale, daga nan sauran jami'o'i suka biyo ɗaya bayan ɗaya. Shekarar ta ƙare da mutum miliyan 1. A Satumba 2005 aka bar 'yan sakandare su shiga, shekarar ta ƙare da kusan miliyan 6. Ranar 26 ga Satumba, 2006 aka cire sakata gaba ɗaya: duk mai shekara 13 ko fiye, in yana da imel, bismillah. Ƙarshen 2006 miliyan 12, ƙarshen 2007 miliyan 58. A farkon 2008 aka fara fassara shafin, kuma ba ma'aikata aka ɗauka ba, masu amfani da shi ne suka riƙa kawo fassara suna zaɓen wadda ta fi, aka fara da Sifaniyanci, Jamusanci da Faransanci suka biyo. Ƙarshen 2008 miliyan 145, 2009 miliyan 360, 2010 miliyan 608, 2011 miliyan 845. A Oktoba 2012 aka sanar da biliyan 1, a Yuni 2017 biliyan 2, a 2023 aka haura biliyan 3.

In ka jera su haka, sai ka yi lissafi iri biyu. Raba kowace shekara da wadda ta gabace ta: daga 6 zuwa 12 ninki biyu ne, daga 12 zuwa 58 ya kusa ninki biyar, daga 58 zuwa 145 ninki biyu da rabi, daga 608 zuwa 845 kuwa bai kai ninki ɗaya da rabi ba. Sannan ka ɗebe: a 2010 an ƙaru da miliyan 248, a 2011 an ƙaru da miliyan 237. Ka ga abin da jimla ke ɓoyewa ke nan. A shekarar da jaridu ke ta kururuwar shafin ya kusa cinye duniya, yawan sababbin da ke shigowa ya riga ya ɗan fara ja baya. Shi kuma tsallen nan na ninki biyar, duba layi na biyu za ka ga yana zaune daidai ƙarƙashin ranar da aka buɗe wa kowa. Lokacin da ɗiyata ta lura da wannan da kanta, ihu ta yi a waya har na janye kunne.

Akwai abin da nake ganin ba a cika ba shi muhimmancinsa ba. Shekara biyu da rabi shafin ya yi yana hana mutane shiga. Ba ya buɗe wa wata jami'a sai ya shirya, kuma da zarar ya buɗe, mutum zai shiga ya tarar da 'yan ajinsu da maƙwabtan ɗakinsa sun riga shi. Wanda ya shiga ya ga fuskokin da ya sani, gobe zai dawo. Wanda ya shiga ya tarar da kango, ya tafi ke nan. A ra'ayina wannan ja da baya na farko ya yi wa Facebook amfani fiye da duk wata fasaha da aka ƙirƙiro daga baya. Duk shafin da kake nazari, nemi wannan: su wa suka fara cika shi, kuma sun san juna tun kafin su shigo?

Tambayi kowane adadi: wa aka ƙirga?

Yanzu mu koma kan alƙaluma ukun da suka tayar wa yarinyar hankali. In aka ce shafi yana da "masu amfani miliyan kaza", ana iya nufin abu huɗu. Akwai duk wanda ya taɓa buɗe asusu, ko da ya manta kalmar sirrinsa shekara biyar da suka wuce. Akwai wanda ya leƙo aƙalla sau ɗaya a cikin kwana 30. Akwai wanda ya shiga a yini. Akwai kuma masu ziyara, waɗanda kamfanonin auna zirga-zirgar intanet ke ƙiyastawa daga waje. Na farkon shi ya fi girma, shi ya fi rashin amfani, kuma shi kamfanin da ke tangal-tangal ya fi son ambata.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami, shi ya sa nake da zafi a kai. Shekarun baya na yi wani ɗan rubutu na kwatanta shafuka biyu, na ɗauko adadin masu rajista na ɗaya na gwada shi da masu shiga a wata na ɗayan, na yanke hukuncin wanda ya fi. Wani mai karatu ya gyara mini a bainar jama'a cikin jimla biyu, kuma gaskiyarsa ce. Tun daga ranar ba na rubuta adadi sai na rubuta irinsa a gefe.

Misalin da ya fi nuna haɗarin shi ne Google+, wanda Google ya buɗe a Yuni 2011 don ya kara da Facebook. An riƙa jin ɗaruruwan miliyoyin asusu, saboda an ɗaure shi da Gmail da YouTube, mutane na samun asusu ba tare da sun nema ba. Da aka zo rufe shi, Google da kansa ya faɗa a 2018 cewa kashi 90 cikin 100 na shigar da ake yi ba ta kai daƙiƙa biyar. A Afrilu 2019 aka rufe wa jama'a shi.

To ina ake samun adadin da za a dogara da shi? In kamfanin yana sayar da hannun jari a Amurka, doka ta tilasta masa miƙa rahoto ga hukumar da ke kula da kasuwar hannayen jari, SEC, kuma ƙarya a wannan rahoto tana kai mutum kotu. Rumbun hukumar sunansa EDGAR, kyauta ne. Rubuta Meta Platforms, sunan da kamfanin Facebook ya koma tun Oktoba 2021. Takarda biyu za ka nema. Ta farko S-1, wadda aka miƙa ranar 1 ga Fabrairu, 2012, kafin shiga kasuwa. Alƙaluman shekara-shekara da na jero maka daga 2004 zuwa 2011, irin waɗanda ke cikinta ne. Ta biyu 10-K, rahoton da ake fitarwa kowace shekara. Dogaye ne, Turancinsu na lauyoyi ne, kada ka ce sai ka karance. Yi amfani da wurin neman kalma, ka rubuta MAU, wato masu shiga a wata, ko DAU, masu shiga a yini.

Da ka samu biyun, raba na yini da na wata. A Disamba 2011 miliyan 483 ne ke shiga kullum cikin miliyan 845, kashi 57 cikin 100 ke nan. Wannan kason shi ke gaya maka ko shafi ya zama jiki ga mutane ko leƙe kawai suke yi. Ka kuma nemi sashen da kamfanin ke amsa cewa ƙirgensa na da gyara. A tsakiyar 2012 Facebook ya ce cikin asusu miliyan 955, kimanin miliyan 83 ko dai na biyu ne na mutum ɗaya, ko na bogi, ko an buɗe wa abin da ba mutum ba, kamar kamfani ko dabbar gida. Asusu ake ƙirgawa, kai kuma mutane kake son sani.

Abu biyu za ka kiyaye. Kamfanin da bai shiga kasuwar hannun jari ba babu mai tilasta masa, abin da ya ga dama yake faɗa, sai ka rubuta "kamfanin ya ce". Sannan daga 2024 Meta ya daina fitar da adadin Facebook shi kaɗai, ya koma haɗa shi da Instagram, WhatsApp da Messenger a ƙunshi ɗaya. Duk adadin Facebook zalla da ka gani na bayan wannan lokaci, yawanci ƙiyasi ne na wani, ka kira shi da sunansa.

Abubuwan da suka canza ɗabi'ar mutane

Shafi irin wannan yakan fito da sababbin abubuwa ɗari a shekara. In ka ce za ka lissafa su duka, rubutunka zai koma takardar kaya. Zaɓi uku ko huɗu waɗanda bayan zuwansu mutane suka canza yadda suke zama a shafin.

A Facebook, wanda ba a tsallakewa shi ne News Feed, ranar 5 ga Satumba, 2006. Kafin ranar, in kana son sanin halin da abokinka ke ciki, sai ka taka zuwa shafinsa ka duba, ka fito ka shiga na wani. Rana ɗaya aka wayi gari duk motsin da kowa ya yi yana zuwa ya same ka a shafin farko: wane ya canza hoto, wance ta rabu da saurayinta. Ɗalibai suka harzuƙa, suka ce an yi musu tsirara a kasuwa. Aka buɗe rukunin adawa, cikin 'yan kwanaki dubban ɗaruruwa suka shiga. Zuckerberg ya ba da haƙuri, ya ƙara wuraren da mutum zai iya ɓoye abin da ba ya son a gani, amma bai cire abin ba. Abin dariyar shi ne ta cikin News Feed ɗin ne labarin rukunin adawar ya yaɗu, kowa na ganin abokinsa ya shiga shi ma ya bi. Masu zanga-zangar da kansu suka nuna wa kamfanin cewa abin na aiki.

Sauran da zan zaɓa: hotuna a Oktoba 2005, musamman damar liƙa sunan mutum a jikin hoto, domin wanda aka ce masa an sa hotonsa ba ya iya haƙura sai ya shigo ya gani, buɗe wa masu ƙirƙirar manhajoji da wasanni ƙofa a Mayu 2007, da maɓallin Like a Fabrairu 2009. Ka sa ɗaya da ya faɗi, don kada labarin ya zama kirari. Beacon na 2007 ya isa misali: yana sanar da abokanka abin da ka saya a wasu shafuka, jama'a suka yi ca, aka kai ƙara, a 2009 aka binne shi.

Ka kuma lura cewa girman ba haka kawai ya zo ba, akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan. Chamath Palihapitiya, wanda ya jagoranci sashen bunƙasa shafin, ya sha faɗa a fili cewa abin da suka sa a gaba shi ne sabon shiga ya samu aboki bakwai cikin kwana goma, domin sun lura wanda ya kai nan ba ya barin shafin. Wannan jerin fuskokin da ake nuna maka ana cewa wataƙila ka san su, daga irin wannan lissafi ya fito.

Bi sawun kuɗi, amma ka bambance iri biyu

Kuɗin da aka zuba daban, darajar da aka yi wa kamfani daban, abin da yake samu kuma daban. A 2004 wani mai zuba jari, Peter Thiel, ya sa dala 500,000, shekarar da samarin suka koma Palo Alto a jihar Kalifoniya. A 2005 kamfanin Accel ya sa dala miliyan 12.7. A 2006 Yahoo ya taya shafin dala biliyan 1, aka ce albarka. A Oktoba 2007 Microsoft ya biya dala miliyan 240 ya karɓi kashi 1.6 cikin 100, sai jaridu suka ce Facebook ya kai dala biliyan 15. Yi lissafin da kanka, za ka ga daga ina adadin ya fito: in kashi 1.6 ya kai miliyan 240, to kashi 100 ya kai biliyan 15. Babu wanda ya ajiye biliyan 15 a ko'ina.

Wurin da ya cancanci ka tsaya shi ne 2012. Ranar 18 ga Mayu aka fara sayar da hannun jarin a kasuwar Nasdaq kan dala 38, kafin Satumba ta yi nisa ya faɗo ƙasa da dala 18. Dalilin na rubuce a cikin S-1 ɗin nan: kusan rabin masu amfani sun koma shiga ta waya, kamfanin kuma ya amsa cewa ba ya samun wani kuɗin kirki daga waya, alhali kashi 85 cikin 100 na kuɗinsa daga talla yake. Aka juya akalar kamfanin kacokan, aka cusa talla a cikin News Feed na waya. Zuwa ƙarshen 2013 fiye da rabin kuɗin talla daga waya yake fitowa. Sayen Instagram kan dala biliyan 1 a Afrilu 2012, da WhatsApp kan kusan biliyan 19 a Fabrairu 2014, duk a wannan tsoron za ka karanta su.

Ziyarci maƙabarta

In Facebook kaɗai ka karanta, za ka fito kana ganin dole ne ya yi nasara. Leƙa waɗanda suka riga shi. SixDegrees ya buɗe tun 1997 da jerin abokai da komai, amma ya zo da wuri, mutane kaɗan ke da intanet, hoto ma wahalar ɗorawa yake. Friendster ya yi tashe a 2003, har Google ya taya shi dala miliyan 30 aka ƙi, sai jama'a suka yi wa na'urorinsa yawa, shafi ya riƙa jan ƙafa kafin ya buɗe, mutane suka gaji suka watse. Orkut na Google ya fito a Janairu 2004, 'yan kwanaki kafin Facebook, ya mamaye Birazil da Indiya, aka rufe shi a 2014.

MySpace ne ya fi ba ni tausayi. A 2005 News Corporation ya saye shi kan dala miliyan 580, a 2006 yana cikin shafukan da aka fi ziyarta a Amurka, Facebook na bayansa nesa. A 2008 Facebook ya wuce shi a duniya, a 2011 aka sayar da shi kan kusan dala miliyan 35. Ga kowanne, tambaya ɗaya za ka amsa a layi biyu: me ya kori mutane, kuma ina suka koma?

Kada kuma ka rufe babin ba ka rubuta abin da girman ya jawo ba. Ƙofar da aka buɗe wa masu manhajoji a 2007, wadda ka sa a jerin nasarori, ta cikinta aka kwashi bayanan mutum har miliyan 87 aka miƙa wa Cambridge Analytica, wani kamfanin da ke yi wa 'yan siyasa aikin yaƙin neman zaɓe, abin da ya fallasa a Maris 2018. A 2019 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ci kamfanin tarar dala biliyan 5. A 2018 ɗin dai kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da shafinsa a rura wutar ƙiyayya a Myanmar. A Fabrairu 2022 kuma, da ya sanar cewa masu shiga kullum sun ragu karo na farko a tarihinsa, raguwar ba ta taka kara ta karya ba, amma hannun jarin ya zubar da fiye da rubu'in darajarsa a yini guda.

Naka tarihin na ciki

Matakin ƙarshe shi na fi so, kuma MySpace ne ya koya mini shi. A 2019 suka sanar cewa wajen sauya na'urorin ajiya sun yi asarar waƙoƙi da hotuna da bidiyon da mutane suka ɗora tsawon shekara goma sha biyu. Sun tafi, babu mai dawo da su. Don haka sauke naka tun shafin na da rai.

A Facebook, shiga saiti, ka nemi sashen da ya shafi bayananka da izini, a nan akwai wurin sauke bayanai. Suna yawan sauya wa wuraren nan mazauni, in ka rasa sai ka yi amfani da akwatin nema na cikin saitin. Zaɓi dukkan lokaci, kada ka bar shi a shekara ɗaya. In aka tambaye ka tsari, ɗauki HTML, shi ne ke buɗewa kamar shafi. JSON na masu rubuta manhaja ne. Zai ɗauki awoyi, wani lokaci kwanaki, sannan a turo maka sanarwa. Sauke shi da wuri, domin bayan 'yan kwanaki ana cirewa, kuma ka tanadi wuri a waya ko kwamfuta, in kai mai yawan hotuna ne fayil ɗin na da nauyi. Kada ka tura wa kowa shi, saƙonninka na sirri duk suna ciki.

Da na buɗe nawa, na tarar da ranar da na yi rajista har da minti, a watan Nuwamba 2009. Na ga rubutuna na farko, kalma uku, babu wanda ya tanka. Na ga jerin kamfanonin talla da ke riƙe da bayanaina, na yi ta gangarawa ban kai ƙarshe ba, yawancinsu ban taɓa jin sunansu ba. Na ɗauki hoton ranar rajistar kawai na tura wa ɗiyata. Ba a yi minti biyu ba ta kira, ina jin ƙarar takardarta tana buɗawa, tana bin layi na uku da yatsa.

"Kawu," ta ce, "ashe kai ma kana cikin miliyan 360 ɗin nan."